Fitilar da Na Kai Maraɗi Na Dawo da Ita

Fagge

Ladanin unguwarmu bai yi kiran farko ba na gama ɗaure kayana, ranar wata Talata a tsakiyar bazara, shekara ta biyu da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Da lalube na yi ɗaurin, don rabonmu da wuta a layinmu na Fagge har mun daina lissafi. Maraɗi na nufa, a ƙasar Nijar, kuma ba yawon buɗe ido zai kai ni ba. Yayana Alhaji Sule, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, shi ya aike ni in taho masa da 'yarsa Hauwa'u ta haihu a gida.

Hauwa'u ita ce 'yar fari a wurin Yaya da matarsa Hajiya Binta, amma a hannuna ta tashi tun daga yaye, ni gwaggonta Ladi da Allah bai ba haihuwa ba. Tun rasuwar maigidana nake zaune a gidan Yaya, ɗakina na kallon na Hajiya Binta. Bara aka ɗaura wa yarinyar aure da Malam Bukar, ɗan wani gidan Barebari na Kwaciri da suka daɗe a Kano. Sana'arsa ta tufafi a Maraɗi take, can ya tafi da ita, can kuma ta samu ciki.

A gidanmu cikin fari na gida ne. In ya kai wata bakwai miji zai kawo matarsa goyon ciki, ta haihu a gaban iyayenta, ta yi wankan jego har ta cika arba'in, sannan a mayar masa da abarsa. Haka aka yi wa uwarta, haka aka yi wa kakarta. Yaya ya sa an sauke itace cike da a-kori-kura a tsakar gida, an sayi sabuwar tukunyar wanka, an auno gero da kanwa. Wata bakwai ya wuce, na takwas ya kama, shiru kake ji. Sai ga saƙon baki ta hannun wani direba, wai Malam Bukar na neman alfarma a bar ta ta haihu a can. Yaya ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido a tsakiyar kasuwa.

"Ki je ki gaya masa mu ba jefar da 'ya'yanmu muke yi ba," in ji shi. "Kano za a bari a haihu a Nijar? Ƙasar da ko allura daga nan ake kai musu?"

Ni ma ra'ayina ke nan, ba zan ɓoye ba. Duk ɗan Nijar da na sani a Fagge, ko mai ga-ruwa ne, ko mai shayi, ko mai gadin shago a Kwari. In ƙasarsu da daɗi, me ya koro su? Tausayin yarinyar ya sa na haɗa mata tsaraba irin ta wanda zai shiga daji: sabuwar fitilar ƙwai, ƙunshin kyandir, ashana, alif na tace ruwa, da galan ɗin kananzir da na yini a layi kafin in same shi. Na ce ko bayan ta koma daga jego ta samu abin haska ɗaki.

Hajiya Binta ce ta rako ni zaure riƙe da jakata. Mace ce mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Tun da aka haifi Hauwa'u ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai ta ce mini "'yarki". Ranar ɗaurin aure ma ɗaka ta shige ta kama tsintar shinkafa. A bakin ƙofa ta miƙo mini jakar, ba ta kalle ni ba.

"Ki duba ƙafafun 'yarki," ta ce. "Direban nan ya ce sun kumbura."

Tashar Kuka zuwa Katsina

Gari bai gama wayewa ba ɗan acaba ya sauke ni a Tashar Kuka, inda motocin Nijar ke lodi. A nan na tarar da abokiyar tafiyata, Maman Uche, zaune a kan tarin bokitan roba. Inyamura ce Kirista daga Sabon Gari, a can aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta daɗe tana sarin atamfa a shagon Yaya, kuma duk wata takan kai roba Maraɗi ta dawo da zannuwa, shi ya sa aka haɗa ni da ita don ta san hanya. 'Yarta Uche ta rasu wajen haihuwa bara waccan, har na je mata gaisuwa, amma har yau da sunan ake kiranta, ita ma ba ta hana ba.

Fijo muka shiga, an cusa mu kamar kifin gwangwani, kuɗin mota kuma ya kusa ninka wanda aka gaya mini. Direban wani ɗan Maraɗi ne mai suna Ilu, siriri mai yawan surutu. Da na yi masa ƙorafi sai ya nuna mini titi da baki. Daga Rijiyar Lemo har Kurna layin motoci ne a bakin gidajen mai, wasu direbobin sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu, ka san nan suka kwana. Shi wurin 'yan bumburutu ya tsaya ya cika tanki, ya kuma cika wani na biyu da aka ƙera masa a ƙarƙashin kujerar baya, daidai inda nake zaune.

"Yanzu a kan fetur na zauna, Malam Ilu?"

"Naku ne, Hajiya, ba ya cin na gida," ya ce yana dariya. "In mun isa Maraɗi za ki gan shi a kwalba bakin hanya, ba layi."

Muka wuce Bichi, muka wuce Tsanyawa, mota na faɗa wa ramuka tana fitowa, warin mai ya cika motar. Sojoji sun tafi, amma katakon nan mai ƙusoshi da ake gitta wa mota bai tafi ba, hannun da ke jan igiyarsa ne kawai ya sake kaki. Duk shingen da muka zo Ilu zai dunƙule abin da ya dunƙule ya miƙa ta taga, ba sallama ba tambaya. Wani tsoho a gidan gaba ya ce shi dai an ce musu in farar hula suka hau za a sha romon dimokuraɗiyya, ga shi har yanzu ko ƙamshin miyar bai ji ba. Aka ɗan yi dariya.

A Katsina muka tsaya karin kumallo, hantsi ya ɗaga. Waina da miyar taushe na saya mana, ruwan leda kuma ɗumi kamar na wanka. Muna ci Maman Uche ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na kwashe labari na ba ta, har da cika baki, na ce jibi war haka yarinya na gaban iyayenta, kusa da manyan asibitoci. Ta ajiye wainar da ke hannunta, ta goge yatsunta a gefen zane.

"Allah ya raba lafiya," ta ce.

Jibiya da Ɗan Isa

A Jibiya 'yan canji suka yanyame mu. Na ba da nairori cike da hannu aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su kai su cika lalita ba, har na zaci yaron ya cuce ni, sai Maman Uche ta ce haka farashin yake. Raina ya sosu. Na san lokacin da 'yan Nijar ke ƙulle naira a bakin zane kamar laya.

A Ɗan Isa, ɓangarensu, aka ce kowa ya sauko. Jandarman da ya karɓi fasfona na aikin hajji ramamme ne, kakinsa ya koɗe, takalminsa ya sha ɗinki. Ya karanta shi shafi-shafi ba gaggawa, ya dubi hoto ya dube ni, sannan ya ce in buɗe jaka. Da ya ga fitila da kyandir da galan sai ya ɗago.

"Hajiya, ƙauye za ki tahi?"

"Cikin garin Maraɗi za ni."

Ya yi murmushi, ya mayar mini da fasfo, ya ce, "Ki sauka lahiya." A lokacin ban gane abin murmushin ba, na ɗauka rainin hankali ne irin na masu kaki.

Abin da na gani daga nan zuwa Maraɗi bai yi mini daɗi ba, ko da yake ya yi daidai da zatona. Ƙasa fetal, gonaki sun bushe ƙurmus suna jiran ruwa. Rumbuna a buɗe ba kowa a bakinsu. A wata rijiya na ga mata sun ɗaura igiyar guga a jikin sa, san ya yi tafiya mai nisa kafin gugan ya fito. Yara suka biyo motar da gudu, gashin kansu ya yi ja, cikkunansu a gaba. Na ce a raina, ka ji ƙasar da za a bar mini 'ya ta haihu. Sai Ilu ya nuna mini wasu manyan turakun ƙarfe da suka ratsa daji ɗauke da wayoyi.

"Kin ga waɗancan, Hajiya? Daga ƙasarku suka hito. Wutarku ce muke sha."

"To ku sha a hankali," na ce, "mu masu ita ko ɗanɗano ba mu yi."

Maraɗi

Bayan azahar muka shiga gari. Ba wani gari ba ne in ka fito daga Kano, benayensa a ƙirge suke, jakuna da amalanke sun fi motoci yawa. Maman Uche ta kai ni har ƙofar gidan, a wata unguwa bayan babbar kasuwa, ta wuce masaukinta. Gidan haya ne na ƙasa da aka shafe da siminti, ɗaki biyu da 'yar rumfa.

Da Hauwa'u ta fito da kyar na gane ta. Fuskarta ta cika har idanun sun ƙanƙance, ƙafafunta kamar an hura su, silifas ɗin mijinta ne a ƙafarta don nata sun daina shiga. Ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ta shigar da ni ɗaki, sai na ji iska a kaina, na ɗaga ido na ga fanka na juyawa da rana tsaka. Ta buɗe wani ɗan tsohon firji ta ɗauko ruwa mai sanyin da ya riƙe mini haƙora. Da na fita alwala na nemi randa, ta nuna mini famfo a gindin bango. Na murɗa, ruwa ya zubo. Na rufe na sake murɗawa kamar yarinya, ya sake zubowa. Namu na gida tun Hauwa'u na firamare ya ƙafe, a jikinsa muke ɗaure akuya.

Duk da haka na zazzage tsarabata, tunda na riga na ɗauko. Ta ɗaga fitilar ta juya ta, ta dube ni.

"Gwaggo, me zan yi da ita?"

"Me ake yi da fitila?"

"Ai nan ba a cika ɗaukewa ba. In za su yi gyara ma sai sun faɗa a rediyo." Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. "Har yanzu a duhu kuke kwana?"

Na ce mata duhun gida ai ba ya cizo. Amma kunya ta kama ni, irin ta wanda ya kai wa mai shanu kyautar nono.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na tarar. Tuwon gero da miyar kuka muka ci da yamma, sabulu da sukari tsada kamar me, kuma duk wanda ya fita daga ɗaki sai ya kashe ƙwan lantarki, don mitarsu ba ta san wasa ba. Maƙwabcinsu malamin makaranta ne, an yi watanni ba a ba shi albashi ba, matarsa ke riƙe da gidan da kwaɗon zogale. 'Ya'yansu na gani suna leƙen kwanonmu, Hauwa'u ta raba musu sauran. Talauci dai na gan shi tsirara, wanda ya fi na Fagge. Sai dai ɗan abin da aka ce akwai, in ka je za ka same shi a wurin.

Da la'asar sakaliya Malam Bukar ya dawo, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni. Na isar masa da saƙon Yaya ban rage komai ba, har na ƙara gishiri. Ya saurara kansa a ƙasa.

"Gwaggo, wallahi ba raini ba ne. Ni ma ɗan Kano ne, na san al'ada, uwata ma ta aiko tana yi mini faɗa. Gobe ranar awonta ce. Ku raka ta ku ji da kunnenku. Abin da kuka yanke bayan nan, na bi."

Yana fita Hauwa'u ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta buɗe mini. Ta riga ta shirya kayanta tsaf, har da 'yan rigunan jariri da ta saƙa.

"Ni gida nake so, Gwaggo. Shi ne ya hana. Kullum ina mafarkin ɗakinki. Ina so in ga Umma, ko ba za ta yi mini magana ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, abin da ya kawo ni ke nan.

Ranar awo

Da safiyar Laraba muka tafi. Asibitin haihuwar ƙarami ne, fentinsa ya ɓare, gadajen ƙarfe sun yi tsatsa, mata zaune a tabarmi ƙarƙashin darbejiya suna jiran layi. Safar hannu da magani duk kai za ka saya. Muna nan aka shigo da wata daga ƙauye a amalanken shanu, an ce tun shekaranjiya take naƙuda. Ban ga an fito da ita ba har muka tafi, kukan uwarta kawai na ji daga baya, Allah ya ji ƙanta.

Ungozomar da ke duba Hauwa'u dattijuwa ce mara fara'a, Madam suke ce mata. Ta san yarinyar da suna. Ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta danna babban yatsanta a ƙaurin Hauwa'u, ta ɗage, ramin ya zauna bai ciko ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke ce uwar?"

"Gwaggonta ce. Na zo in tafi da ita gida goyon ciki."

"Jininta ya hau, Hajiya, kullum ƙaruwa yake. Irin wannan in jijjiga ta kama ta, ba a jira. Ina jin sai an yi mata aiki an ciro ɗan, lokotoro, likitanmu ke nan, ya san da maganarta."

Na gyara mayafi na ce mata a Kano muna da asibitoci hawa-hawa, da likitocin da suka yi karatu a Turai.

"Na sani," ta ce. "Masu kuɗinmu can suke zuwa, kun hi mu likitoci nesa ba kusa ba. Ni ba na hana kowa ɗiyarsa. Amma duk inda za ki kai ta, ki tabbata in an fara aiki za a gama." Ta kira ta gaba a layi.

Kafin mu fita na tsaya a baranda ina kallon wani ƙwan lantarki da ke ci a saman ƙofar ɗakin haihuwa. Na daɗe ina jiran ya yi ƙifta irin na namu, har Hauwa'u ta ja ni muka tafi.

Da yamma Maman Uche ta zo mu shirya komawa, don ta gama sarinta. Hauwa'u ta shiga ɗaki ta kwanta, mu kuma muka zauna a rumfa. Na gaya mata abin da Madam ta ce, na ƙara da cewa in aiki ne ai gara a yi shi a Kano. Ta daɗe tana kallon famfon da ke ɗiga a bokiti.

"Hajiya Ladi, da kika zo mini gaisuwa me aka ce miki ya kashe Uche?"

"An ce haihuwa ce ta zo da gardama."

"Haihuwa ba ta yi gardama ba. Irin wannan kumburin ta yi. Muka kai ta babban asibiti, bene, ga likita ƙwararre, mun sayi duk abin da aka rubuta, har jini ƙanenta ya bayar. An shiga da ita da rana tsaka, an yanka, sai aka ɗauke wuta. Aka je tada inji, babu man gas. Lokacin wahalar mai ne irin na yanzu. Babanta ya ɗauki jarka ya fita da gudu, tsoho da shi, ya zaga Sabon Gari gida-gida. Nas biyu suka riƙe tocila likita na ɗinki, na'urar numfashi kuwa a tsaye. Da Baban Uche ya dawo da jarkar a kansa, likitan ne ya tare shi a ƙofa, shi ma yana hawaye." Ta share fuska da bakin zane. "Jarkar na nan a bayan ɗaki da man a ciki. Ya hana a taɓa."

Sai salati nake yi a ciki.

"Ban ce miki Maraɗi ta fi Kano ba," ta ci gaba. "A Kano aka haife ni, a Kano za a binne ni. Kwana ma in ya ƙare ya ƙare, ku da mu duk mun yarda da haka. Amma da na san da wani ɗan ɗaki mai tsatsa da wutarsa ba ta mutuwa, da a bayana zan goyo Uche in kawo ta."

Sallama

Da asubar Alhamis na idar da salla na tarar Hauwa'u ta sa mayafi, akwatinta a bakin ƙofa. Abin da ya fi yi mini wuya a duk tafiyar ke nan, ya fi ramukan hanya da warin fetur. Na ɗauki akwatin da hannuna na mayar ƙarƙashin gado.

"Gwaggo?"

"Ba za ki bi ni ba."

Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka. Ta ce wa zai riƙe ta in abin ya zo, ta ce ba ta san kowa a nan ba, ta ce Baba zai yi fushi da ita, ta ce ashe ni ma na gaji da ita. Ni da na goye ta tun ba ta san sunanta ba. Na so in ce mata gidanmu ne ba shi da abin da zai tsare mini ita, amma bakina ya ƙi furtawa, don ban taɓa zagin Kano a gaban yaro ba. Na ce mata fushin Yaya nawa ne, ni zan je in ɗauka, kuma da zarar na sauke nauyin zan dawo in yi mata wanka da hannuna. Malam Bukar da ke tsaye a waje ya ɗauki jakata.

Har na kai ƙofa ta biyo ni tana jan ƙafa, fitilar a hannunta, idanunta jawur.

"Ki koma da ita, Gwaggo. Ki kai wa Umma. Ku kuka fi bukata."

Hanyar gida

Motar Ilu muka sake samu, yanzu tankin da ke ƙarƙashina fanko ne, sai ƙara yake. A Ɗan Isa jandarman nan ne dai, ya buɗe jakar ya ga fitilar ta dawo, wannan karon bai yi murmushi ba, na gode masa da hakan. Muna tsallakowa Jibiya shingaye suka dawo, hannun Ilu ya koma aikinsa. A Katsina Maman Uche ta sayo mini fura, na kasa sha. Turakun wutar nan na gan su suna tafiya arewa, mu muna tafiya kudu. Layin mai na Kurna yana nan inda muka bar shi, ina jin har da motocin da na gani ranar Talata.

Fagge

Ana kiran magariba na shiga gida. Unguwa ta fara duhu, sai ƙarar injin wani mai hali daga bayan layi. Yaya na zaune a tabarma kusa da tarin itacen, Hajiya Binta na bakin murhu. Ya leƙa bayana, ya sake leƙawa.

"Ina take?"

"Na baro ta, Yaya."

"Ya hana ki?"

"Bai hana ni ba. Ni na hana ta."

Na durƙusa na faɗi abin da na gani, da ramin yatsa a ƙafarta, da maganar Madam, da jarkar Baban Uche. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce aike aka yi ni ba shawara aka nema ba. Ya ce mutuwa tana Kano tana Maraɗi. Ya ce da wane ido zai dubi 'yan Kwari in aka ji jikansa na fari a hannun baƙi ya faɗo, kamar ba shi da gida. Ya nuna itacen ya ce wannan fa, uban wa zai yi wanka da shi? Ban taɓa jin Yaya ya yi mini irin wannan faɗan ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ranar Talata ni ma bakina ɗaya da shi.

Duhu ya rufe mu har ba na ganin fuskarsa. Na laluba jaka na ciro fitilar na miƙa wa Hajiya Binta, na ce saƙo ne aka ba ni in kawo mata. Ta karɓa, ta ɗaga ƙwan, ta gyara lagwani, ta kunna da icen murhu. Hasken ya kama fuskarta na ga ashe kuka take yi, ban san tun yaushe ba.

"Ladi," ta ce, "ɗakin da za a yi aikin, akwai wuta?"

"Akwai."

"Ba a ɗaukewa?"

"Na tsaya na jira, ban ga an ɗauke ba."

Ta ajiye fitilar a tsakaninmu, ta juya wajen mijinta, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba.

"Alhaji, a bar Hauwa'u a can. A bar mini Hauwa'u inda take."

Yaya ma, kamar ni, ranar ya fara jin sunan daga bakinta. Ya tashi ya ɗauki buta ya fita masallaci.

Na koma Maraɗi kamar yadda na yi alkawari. An yi mata aikin, an ciro 'ya mace, uwa da 'ya duk suka rayu, alhamdu lillahi. Da itacen saye na yi mata wanka, a gidan haya, ba dangi sai matar malamin makarantar nan da ke taya ni ɗaukar ruwan zafi. Yaya ya aika da ragon suna, amma bai je ba. Itacen jegon kuwa da kananzir ya ɓace a gari da damina, da shi aka yi ta tuƙa tuwo har ya ƙare. Haihuwarta ta biyu da ta uku, ba wanda ya ko ɗaga maganar ta zo gida, wannan shirun ya fi faɗan Yaya yi mini ciwo.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Malam Ilu direba, da Madam da ban san sunanta ba, da Maman Uche da ta tone ciwonta don ta rufe mini nawa. Allah ya gyara mana ƙasarmu, 'ya'yanmu su riƙa haihuwa a gabanmu. Fitilar tana ɗakin Hajiya Binta, an canja mata ƙwai sau biyu, kullum magariba ita ake kunnawa.